Tarwaɗar Tafkin Bayan Gari

Jiya a kasuwa wani mai tarwaɗa ɗan Ƙwanni ya riƙe hannuna, ya yi mini ta'aziyyar yayana, shekara biyu da rasuwarsa. Ya ce, "Baba, na yi rashin mai saye. Duk farkon damina sai ya cika jarka da ƙanana, masu rai."

Na ce, "Masu rai? Ya yi mi da su?" Ya ce bai sani ba.

Ni ma ban sani ba, don Yaya ko romon kifi ba ya sha. Abin da na sani, duk Illela ni ake kira gwanin fatsa a tafkin bayan gari, kuma ban taɓa musawa ba. Da la'asar Yaya yakan zauna gindin bagaruwa, ƙafafunsa cikin taɓo mai sanyi, ya toshe hanci da bakin rawani saboda ƙarni. Sai ya nuna da sanda: "Jefa can, malamin kifi." In jefa, in ɗago tarwaɗa tana santsi, ya yi ta dariya har da tari.

Damina biyu ke nan leda kawai ƙugiyata take kamawa. Na zargi masu wankin babura, na zargi tana, har na ce kifin sun ƙetara Nijar ba takarda.

To yanzu ni gwani ne, ko kiwona aka yi shekara da shekaru? Allah ya jiƙan Yaya, ya sanyaya kabarinsa, ya haɗa mu inda zan tsare shi da wannan tambaya.