Kwana Uku a Fadama da Baƙon da Ya Ƙi Cin Abinci

Asabar: Haɗeja zuwa Kirikasamma

Ƙarfe biyar da rabi, ana sallame sallar asuba, na turo babur waje na ɗaure akwatin kayan aiki. Sana'ata gyaran injin ban ruwa ce. In ruwa ya fara janyewa daga fadama, manoma suka soma shirin noman rani, sai kowa ya tuna da injin da ya jefar a ɗaki tun bara. Duk shekara ni kaɗai nake wannan zagaye. Bana aka haɗa ni da kaya mai rai.

Ƙanena Sabo ne ya jawo min. Malami ne a jami'a, Dakta ake ce masa yanzu. Ni a aji biyu na sakandare aka cire ni don in taimaki tsohonmu a gona, shi aka bar shi ya wuce. Na faɗi wannan ne don a san abin da ya sa ba na washe baki in na ga mai littafi. A makarantarsu shi aka ɗora wa kula da ɗaliban ƙasashen waje. An yi hutu, an rufe ɗakunan kwana, kowa ya tafi gida, saura wani saurayi ɗan Sudan mai suna Muzammil, wanda yaƙi ya koro daga garinsu Niyala. Ubansa ya rasu a can, uwarsa da ƙannensa mata suna sansanin 'yan gudun hijira a Cadi. Kakanninsa Hausawa ne da suka tafi Makka a ƙasa suka yada zango a hanya, don haka yana jin Hausa, irin ta tsofaffi, cakuɗe da Larabci.

Sabo ya ce, "Yaya, yaron nan ya ce min ya gama da karatu, zai bi hanyar gabas ya koma wajen uwarsa. In aka koma makaranta bai dawo ba, gurbinsa ya tafi, tallafin ma ya tafi. Ni kuma ina da taro a Abuja. Riƙe min shi sati biyu."

Na ce, "Wato kai taro, ni reno."

Ya ce, "Allah ya ba ka haƙuri, Yaya." Ya aje shi a ƙofar gidana ranar Juma'a da yamma ya ja motarsa.

Haka muka fita, shi a bayana, siriri kamar kara, da jakarsa a goye. Na sha mai lita huɗu a bakin gari, tsadarsa ta ɓata min rai tun rana ba ta fito ba. Shida da kwata muka isa shingen masu kaki. Ɗaya ya haska mu da tocila ya ce, "Makaniki, yau kuma Balarabe ka samo?" Sai na ji yaron ya damƙe kafaɗata. Ya miƙa katinsa na gudun hijira da na makaranta. Mutumin ya duba ya mayar masa, ya ce, "Allah ya zaunar da ƙasarku, ɗan'uwa." Mun yi tafiyar kusan kilomita biyar kafin ya sassauta riƙon. Ban tambaye shi ba.

Bakwai da rabi muka shiga Kirikasamma, wajen kilomita arba'in ke nan, don ba na gudu da kaya. Masaukina a can gidan Alhaji Modu ne, manomin shinkafa mai injuna uku. Da ya ji baƙon ɗan jami'a ne kuma daga Sudan, sai ya rikice da murna. Ya sa aka share ɗakin baƙi, aka shimfiɗa darduma, aka kai shayi da burodi. Da rana aka kai masa shinkafa da kifi a faranti na tangaran, da cokali, da ruwan leda. Alhaji ya aje da hannunsa ya ce, "Bari mu ba ka wuri," ya ja masa labule. Mu kuwa muka zauna gindin darbejiya da ma'aikatan gona, kwano ɗaya, muna ci muna zagin masu sayar da fulogin jabu.

Da aka je ɗauko farantin, cokali biyu ya ci. Da magariba ma haka. Alhaji ya ce ko ba ya cin kifi ne. Na ce, "Rabu da shi, Alhaji. 'Yan boko ne, cikinsu ba irin namu ba ne." Na gyara injuna biyu, na uku fistin ya ƙone, na ce a aika Haɗeja.

Lahadi: cikin ruwa

Bakwai na safe na bar babur a gidan Alhaji, muka taka zuwa bakin ruwa. Garin da yayata Hansatu take aure ba ya shiguwa a wannan lokaci sai da kwalekwale. Mijinta Malam Bukar ne ya zo ɗaukar mu, masunci ne, baki gare shi kamar reza.

Ya dubi Muzammil, ya juyo gare ni ya ce, "Ilu, wannan in iska ta taso da me za mu danne shi?"

Na ce, "Da digirinsa."

Yaron ya ɗan murmusa. Tafiyar da a da ake yi cikin rabin awa, awa ɗaya da minti ashirin ta ci mana, saboda ciyawar kacala ta toshe hanyar ruwa. Wani wuri sai Bukar ya sauka ya ja mu, ruwa iya ƙirji. Muzammil ya tambayi sunan kowane tsuntsu, yana rubutawa a wani ɗan littafi. Na ce a raina, ga mai shirin barin makaranta.

Yaya Hansatu ta haura sittin, ba ta taɓa ganin mutumin Sudan ba sai a labarin alhazai. Ta sa aka yanka zabuwa ɗaya tilo da take ji da ita. Ta yi burabusko, ta fito da kwanon da ba ya fita sai da salla, ta kai masa ɗakin ɗanta da ke aiki a Legas, ta durƙusa ta gaishe shi, ta fito ta kori jikokinta daga ƙofar kada su dame shi. Ni da Bukar da maƙwabta huɗu muka ci namu a tabarmar ƙofar gida, da miyar kuka da bandar tarwaɗa.

Bayan la'asar ina kwance injin wani mutum, sai ga Yaya da kwanon a hannu. Ta buɗe min. Ko cinya ɗaya bai taɓa ba. Idonta ya kawo ruwa.

Ta ce, "Ilu, ƙazanta ya gani a gidana? In ƙyamarmu yake, me ya sa ka kawo min shi?"

Na aje sifana. Na karɓi kwanon, na shiga ɗakin ko sallama ban yi ba. Yana zaune a bakin gado ya zuba wa bango ido.

Na ce, "Kai, tashi ka ji. Matar nan zabuwarta ɗaya, ta yanka maka. Mu ba mu yi jami'a ba, amma ba dabbobi ba ne. In abincinmu bai kai matsayinka ba, ka faɗa, in mayar da kai wajen Daktanka ya saya maka na leda."

Ya ɗago ya dube ni. Ya ce, "Baba, laifin me na yi muku?"

"Kai za a tambaya!"

Ya ce, "To don me ake ware ni? A wurinmu mutum biyu ake ba wa abinci shi kaɗai a ɗaki: mai ciwon da ake gudu, da wanda ya yi abin kunya. Tire ɗaya muke ci, baƙo a tsakiya, mai gida yana tura masa nama. Shekaranjiya a gidanka an kawo min an fita. Jiya an ja min labule. Yau an kori yara. Ina jin dariyarku a waje. A makaranta ma haka, in sayo abinci in zauna a kan gado. Wata takwas, wallahi Baba, hannun kowa bai shiga kwano ɗaya da nawa ba. In na kai loma sai in ga Ummi, mahaifiyata, da ƙannena sun kewaye tire, sai abincin ya tsaya min a nan." Ya nuna maƙogwaronsa. "Gara in je in ci yunwa tare da su."

Na tsaya da kwano a hannu kamar gunki. Mu a ganinmu girma muke ba shi. Baƙo mai daraja ba a sa masa ido yana ci, ba a haɗa shi da masu hannu duk baƙin mai. Ni kuma na riga na yanke masa hukunci tun a Haɗeja, don na ga littafi a jakarsa.

Na ce, "Taso."

Na kai kwanon tabarmar ƙofar gida na dire. Na ƙwala wa Bukar kira, na ce a kira maƙwabta, a saki yaran su zo. Na gaya musu abin da ya ce, ban rage ba. Bukar ya riƙe baki ya ce, "Ashe mu muka yi ta horon bawan Allah da yunwa! To matso, Balarabe. Amma ka sani, a nan ba a tura wa kowa nama. In ka tsaya kunya, Ilu zai cinye har ƙashi."

Muzammil ya wanke hannu ya sa. Loma ta farko da ƙyar ta wuce, na gani. Daga nan sai ya ci kamar mai huce haushi. Ya ɗauki cinyar ya tura gabana, na tura masa, ya sake turowa, Bukar ya miƙa hannu ya ɗauke ya ce ya raba gardama. Dariyar da yaron ya yi har ya ƙware. Yaya tana leƙe daga zaure tana share ido da bakin zane, tana cewa, "Allah ya isa tsakanina da kai, Ilu, da ba ka tambaye shi tun jiya ba."

Litinin: Guri, sannan gida

Shida da rabi Bukar ya fito da mu. Yaya ta cusa wa Muzammil ƙullin bandar kifi ta ce, "Ɗana, in ka yi waya da uwarka ka ce wata tsohuwa ta ba ta haƙuri." Tara saura muka ɗauki babur, goma saura kwata muna Guri, kilomita ashirin da 'yan kai, hanya duk rami. Injuna huɗu na tarar. Ashe Muzammil karatun injiniya yake yi. Ya tuɓe riga ya riƙe min, har ya nuna min wata dabara ta gane inda tiyo ke shan iska. Ban yaba masa a fili ba, kada kansa ya yi girma. Da mai gidan da muke wa aiki ya fito da faranti da cokali, kafin in yi magana Muzammil ya ce, "A haɗa da na Baba."

Uku da rabi muka kamo hanya. Da muka iso mararrabar da ta haɗu da titin Nguru, na kashe babur. Akwai wata mota tana lodin masu zuwa gabas, kwandasta yana ta kira.

Na ce, "Sabo ya gaya min shirinka. Ga motar can. Ni ba zan ɗaure ka ba, ba zan kuma yi maka wa'azin boko ba, don ban san daɗinsa ba. Abin da na sani, ni cire ni aka yi, kuma yau shekara talatin da biyar abin bai bar cina ba. Kai kuma da hannunka za ka cire kanka. In ka je can, bakin ci guda kawai za ka ƙara musu a tiren. In ka tsaya, duk Juma'a akwai tuwo a gidana, ba daɗi gare shi ba, amma tare ake ci."

Ya sauka. Ya tsaya yana kallon motar har aka gama ɗaure kaya, aka rufe ƙofa, ta tashi. Sannan ya gyara jakarsa ya hau bayana.

Ya ce, "Mu huɗu ne baƙi a makarantar, Baba. Akwai biyu 'yan Cadi, da ɗaya ɗan Kamaru, Kirista ne."

Na ce, "Kirista ba ya da baki ne? Ka zo da su."

Biyar da minti goma muka shiga Haɗeja. Na kira Sabo na gaya masa yaronsa zai koma aji, na ba shi labarin tuwon Juma'a. Ya yi ta hamdala, ya ce lalle zai rubuta wannan a matsayin sabon tsari, a kafa kwamiti. Na ce ya rubuta abin da ya ga dama, amma ranar Juma'a ya zo da kansa, ya bar cokali a gida.

Na gode wa Allah da ya kai mu ya dawo da mu lafiya. Na gode wa Alhaji Modu, da Malam Bukar duk da cinyar da ya ɗauke, da Yaya Hansatu da na sa ta kuka ba laifinta. Maiɗakina ma na gode mata, don da na ce mata daga yau tukunyar Juma'a ta ƙaru da mutum huɗu, harara ɗaya ta yi min, ta tambaya ko suna cin yaji.