Gorar Irin Dalhatu

Yayana Dalhatu bai yi boko ba, allon ma bai yi nisa ba, amma a ƙauyenmu da ke bayan Gangara babu manomin da zai yi shuka bai leƙa gidansa ba. Shi ne mai zaɓen iri. Kafin girbi yakan shiga gona shi kaɗai yana duba zangarniya ɗaya bayan ɗaya, wadda ta yi masa sai ya ɗaura mata kaba. Waɗannan ba a haɗa su cikin dami. Da hannu yake murje su, ya gauraya ƙwayar da toka, ya ɗura a gora, ya liƙe bakin da laka. Geronsa kwana saba'in yake nuna, ko damina ta yi gardama. Kuma a wajenmu ba a sayar da iri. Ka zo da ƙoƙo a zuba maka, in kaka ta yi ka mayar da zangarniya biyar mafi kyau.

Ni Sadiƙa ƙanwarsa ce. Aure ya kawo ni Sabon Birni tun da daɗewa, kuma kowa ya san bakina ba ya shiru. Nakan tsokane shi in ce ya fi sanin fuskar geronsa a kan ta 'ya'yansa, sai ya yi dariya. Yau da zan iya, da na haɗiye wannan maganar.

Shekara uku ke nan da 'yan bindiga suka tayar da ƙauyen. Da hantsi suka shigo, kowa ya gudu da abin da ke jikinsa. Dalhatu ya iso gidana ƙafa a kumbure, tare da ɗansa Usaini, magidanci mai 'ya'ya biyu. Bayan kwana huɗu aka ce hanya ta lafa. Ga damina ta ƙarato, ga gorar iri an baro ta rataye a rumbu. Dalhatu ya ce wa Usaini ya ari babur ya ɗauko ta. Ya isa lafiya, ya ɗauko, a hanyar dawowa aka harbe shi. Waɗanda suka je ɗauko gawar sun tarar da gorar ɗaure a bayansa da rawani, ko tsagewa ba ta yi ba.

Dalhatu bai yi kuka ba. Ya karɓi gorar, ya ajiye ta a ƙuryar ɗakin da na ba shi, ya juya mata baya. Matar Usaini ta kwashe 'ya'yanta ta koma wajen iyayenta a Isa. Shi kuwa ya zauna. Mutumin da rana ba ta taɓa fitowa ta same shi a gida ba, ya koma ko alwala sai na yi ta magana. Tuwo ya bushe a gabansa, barci ya ƙaurace masa. In babur ya wuce ta ƙofar gida sai jikinsa ya ɗauki rawa, gumi ya jiƙa masa riga. Mun yi rubutu, mun yi turare, mun yi sadaka. Maƙwabta suka yi ta ce masa ya yi haƙuri, kamar wanda bai san haƙuri ba. Damina biyu ta wuce a haka. Tsoro ya kama ni, don na ga alama wata rana zan kai masa koko in tarar ba shi.

Da ƙyar na ja shi wani ƙaramin asibiti a cikin gari, wajen wata ma'aikaciyar lafiya, Malama Halimat. Ta saurare ni har na gaji, ta ce ciwon damuwa ne da fargaba, ciwo ne kamar kowane ciwo. Ta ba da ƙwayoyi, ta ce mu riƙa dawowa kowane mako. Sannan ta juya gare shi.

"Baba, can gida, mi mutane ka zowa nema wurinka?"

Ni dai na taɓe baki. Mutum na neman mutuwa, ita tana neman labari. Amma shi ya ɗaga kai, ya ce, "Iri."

"To hannuwanka ba su mance ba. Ban ce ka mance da Usaini ba. Kullum dai ka ba hannun nan abu guda da sunka iya."

Ni kuma ta ja ni gefe ta ce in rage faɗa. Na ji haushi, don ta yi gaskiya.

Ranar kasuwa na auno gero tiya guda, na zube masa a faifai, na ce irin shuka ne da zan ba wata. Kwana biyu bai kalle shi ba. A na uku ina wanke-wanke na ji muryarsa.

"Sadiƙa, wa yac cuce ki? Wanga ko kaza ba ta gode miki."

Na shiga na tarar ya raba geron kashi uku da ɗan yatsa, yana tsaki. Ban taɓa jin daɗin zagin cinikina ba sai ranar. Na koma madafa na share hawaye.

Kada a ce ya warke. Wata rana ya tsince faifai guda, wata rana ya kwanta ya fuskanci bango tun safe har la'asar. Amma labari ya bazu cikin 'yan gudun hijira da suka sami aron gonaki a bakin gari. Suka fara kawo masa irin da suka samo, yana ware ƙwaya ashirin, ya binne a kaskon jiƙaƙƙen yashi, bayan kwana uku ya gaya wa mai shi ko ya shuka ko ya kai turmi. Na kowa yana gwadawa, ban da nasa.

Shi ya fi kowa sanin iri ba ya jira har abada. Damina ta uku na tafe, gorar na nan a ƙurya, gizo-gizo ya yi mata saƙa. Da na yi maganar sai ya tashi ya bar mini wurin. A asibiti ne ya faɗi abin da ke cinsa, ina zaune.

"In na buɗe na iske ya mutu, ashe banza na aiki ɗana ke nan."

Malama Halimat ba ta ce masa iri na nan da rai ba, don ba ta sani ba. Ta ce, "Ba kai ka harbe shi ba, Baba. Ran da za ka buɗewa, kak ka buɗe kai ɗai."

Bayan ruwan farko ya kira ni. Ya fasa lakar, warin toka ya tashi, irin na rumbunmu na gida. Ya ƙirga ashirin ya binne. Kwana ukun nan ko ni ban ci abin kirki ba. A safiya ta huɗu muka durƙusa gaban kasko. Shida suka tsiro. Da iri na wani ne, da ya ce a kai turmi.

Ya daɗe yana kallonsu, sannan ya kifa kansa a gwiwa ya yi kukan da ya riƙe shekara biyu. Ban ba shi haƙuri ba, na zauna muka yi tare.

Ya shuka fegin bayan gidana, yana cika kowane rami da ƙwaya ninkin yadda aka saba. Akuyata ta sha ɗauri duk daminar. Da yammacin ranar da ya yi shukar wata tsohuwa 'yar ƙauyen Turba, Sodangi, wadda ita ma gudu ya kawo, ta yi sallama da ƙoƙo a hannu. Ta ji an buɗe gora. Na so in sallame ta, don abin da ya rage bai cika tafi uku ba, kuma na san farashinsa. Amma ba a hana iri. Dalhatu ya zuba mata rabi.

"Allah shi saka. Mi as sunan wanga iri, in an tambaye ni?"

Ya juya ya dubi gorar. Ni na amsa mata.

"Ki ce na Usaini na."

Ya gyaɗa kai. Ranar bai ci tuwo ba, kuma har yau in babur ya wuce sai ya dafe bango. Da kaka Sodangi ta kawo zangarniya biyar. Ya jujjuya su, ya ware biyu ya ce ba su kai ba, sauran ukun ya ce in tara masa toka ya adana su.