Allurar Ƙayar Aduwa

Jiya ƙayar aduwa ta soke ni a hanyar Kuyello, sai Baba ya faɗo mini a rai, dattijon da muke taruwa a zaurensa jin garmaho zamanin Turawa.

Wata shekara allurar garmaho ta yanke, har Zariya babu. Na ce mu wasa ƙusa mu sa.

Ya ce, "Ɗana, ƙusa cinye faifai za ta yi."

Ya shiga daji ya tsinko ƙayar aduwa, ya goga tsininta a dutse, ya sa ta a madadin allurar. Da ya wana garmahon, murya ta fito a tausashe, har muna jin numfashin mawaƙin.

Har yau faya-fayan suna hannuna, ko ɗaya bai ƙarje ba. Allah ya jiƙan ka, Baba, ya jiyar da kai abin da ya fi wannan daɗi.