Ranar Da Makara Ta Tsaya A Gabana

Mun tashi da asuba daga Dogon Dutsi, mu uku da jakunanmu, za mu sayen gero a ƙauyukan bayan Matankari, inda aka ce bana ya yi araha. Abokan tafiyata 'yan kasuwa ne, ɗayan ma tare muke koyon karatu a lakwal, wato makarantar boko, ta manya. Na sa sabon takalmina mai igiya. Yana matse ni, amma na daure.

Muka bi hanyar mota, wadda mu da kanmu muka zuba wa tsakuwa zamanin aikin dole. Motar kumandan, Baturen mulki, ce kaɗai ta wuce mu, jakina ya firgita ya ajiye ni cikin ƙarangiya. Da rana ta fito, duwatsun bakin kwari suka yi jajir kamar an hura musu wuta, ga itatuwan gawo kore shar a tsakiyar rani. Wata Bafillatana ta tona yashi da ƙwarya, ruwa ya tsattsafo, ta dama mana fura. Na daɗe ina kallon ramin nan.

Mun kwana a rumfar kasuwar Matankari, washegari muka isa wani ƙauye da na sani. Can aka haifi mahaifina, kafin ya musulunta ya koma Dutsi. Gidansu ne ke riƙe da ƙasa, su ke yi wa iskoki yanka. Ban taɓa gaya wa abokan nan ba. In ana yi wa Azna, masu bautar iskoki irinsu, dariya a kasuwa, har da ni ake yi.

Muka tarar ba ciniki. Mai ƙasa, wan mahaifina, ya mutu, za a yi tarkama: a ɗauki gawa a makara, ita da kanta ta nuna magaji cikin 'ya'yan gidan. Abokaina suka ce sai sun kalla. Muna tsaye a bakin fili sai wata tsohuwa ta kama hannuna. Gwaggona ce.

"Ba kai na ɗan ƙanena ba? Wa yak kai maka labari?"

Na ce, "Iya, mu baƙi ne, gero muka zo saye."

Ta dube ni daga sama har ƙasa. "To, mai gero, nan ba a shiga da takalmi."

Na yi kamar ban ji ba.

Majiya ƙarfi huɗu suka ɗauki makarar. Wani dattijo ya yi mata magana a hankali, kamar mai rarrashin doki. Sai makarar ta fizga. Da idona na gani: ba su ke tafiya da ita ba, ita ke jan su, ƙafafunsu na jan ƙasa, gumi na zuba. Ta zagaya, ta wuce layin 'ya'yan gida, ta miƙo inda muke. Mutane suka dare. Ta tsaya a gabana tana rawa, har ina jin warin fatar sa da aka naɗe gawar da ita.

In ta taɓa ni, shi ke nan, na zama mai ƙasa, ba Dutsi, ba masallaci. Ban san lokacin da na tsinke igiyar takalmi na zube ƙasa ba. Na ji bakina yana cewa, "Baba, ni ne, ɗan ƙanenka. Ka yi haƙuri."

Makarar ta ɗan jima, sannan ta juya da gudu ta bugi ƙirjin wani ɗan baffana. Mata suka yi guɗa.

Gwaggo ta zo ta tsaya a kaina. "Tashi, ba kai yaka so ba. Dubanka yat tsaya yi, ya daɗe bai ga huskar ƙanenai ba."

Na kasa kallonta, na kasa kallon abokaina. Da za mu tafi ta sa aka ɗora wa jakina gero. Na kai hannu aljihu, ta ce ba a sayar wa ɗan gida.

A hanyar dawowa ba wanda ya yi mini ba'a, kuma da sun yi da ya fi mini sauƙi. Kusa da Dutsi ɗayan ya ce, "Ashe kana da dangi haka, ka bar mu muka kwana a rumfar kasuwa?" Iyakar maganar ke nan.

Abin da ke tura makarar nan, Allah ne masani, ni dai sallata nake yi. Amma na koyi cewa wanda ya mutu ya gane ni cikin taro, ni mai rai na ce ban san kowa ba. Geron gwaggo muke ci yanzu. Yarana sun tambaye ni daga ina ya fito, na zaunar da su na gaya musu sunan garin kakansu.