Sarkin Kwalba

Ni na jawo abin. Na sayi karta a wani shago a unguwar Glenwood, nan ƙasar Turawa, ban duba kwalin ba, ranar Lahadi bayan la'asar na zube ta a kan darduma gaban dattawa. Sai ga zanen inabi yana kuka ana matse shi, ga sarauniya tana sharar barci cikin ganga. Kartar giya ce tun daga farko har ƙarshe. Ina ƙoƙarin tattarewa Malam Husaini ya ɗaga guda ya ce, "Wannan ba Alhaji Sanda ba ne?"

Shi ne kuwa. Sarki ya rungume kwalba, hula ta karkace, ga kunnuwan nan nasa kamar marfin tukunya. A bayan kwalin an buga sunan mai zanen: Afnan, 'yarsa tilo.

Alhaji Sanda mutumin Gusau ne, yana tuƙa motar ɗaga kaya a wani sito da ke titin Wendover tun gashinsa na baƙi. Bai taɓa ɗanɗana giya ba, ko ruwan inabi na yara sai ya tambaya kafin ya sha. Tun da matarsa Kubura ta rasu ya zama kamar kujera a gidansa. Ya je aiki, ya dawo, ya ɗumama shinkafa, ya ci a tsaye. Afnan ta yi ta masa magana da Turanci yana amsawa da "to", har ta gaji ta kwashe alƙalumanta ta koma Glenwood kusa da jami'a. Ba faɗa suka yi ba. Kiran waya ne ya yi ta raguwa har ya ƙare, shi kuma bai ji zafin da ya kamata ya ji ba.

Yanzu ga fuskarsa ana miƙa ta hannu zuwa hannu, shi kuma yana zaune a cikinmu. Malam Husaini ya ce dole a kira yarinyar gaban manya, ta janye kayan, ta nemi gafara, in ba haka ba Alhaji ya fito fili ya ce ba ruwansa da ita. Wani ya ce da wane ido zai tsaya sahun gaba ranar Juma'a.

Alhaji ya karɓi katin, ya sa tabarau. Ya jira fushi ya zo, bai zo ba. Abin da ya gani kawai shi ne ɗan tabon da ke ƙasan idonsa na hagu, inda ƙaho ya taɓa shi yana yaro. An zana shi daidai wurinsa. Da yadda yake lanƙwasa ƙaramin yatsa in ya riƙe kofin shayi. Ya daɗe yana kallo, sannan ya zura katin a aljihu, ya nemi takalmansa, ya tambayi wace bas ce ke bi ta Glenwood.

Ni kuma bakina ba ya zama. Na ce, "Ranka ya daɗe Sarkin Kwalba, za a je karɓo rawani ne?"

Ya juyo a hankali. "Ma'aruf, shekara da shekaru muna cin tuwo kwano ɗaya, ka san ina da tabo a fuska?"

Na ce a'a.

"To ita ta sani. Matsa min in wuce, mai sayo wa dattawa giya."