Jikana da Tsumman Goge Ƙasa

Paris

Ina idar da sallar asuba na kulle ɗakina a Château Rouge, unguwar da nake sayar da atamfa, raina a ɓace. 'Yata Rabi, mai karatu a Bron kusa da birnin Lyon, ta sa jikana Abdu a makarantar renon yara ta wata Bajapaniya. Har tana dariya a waya, wai yaron ke goge ƙasa. Ɗan shekara huɗu! Na rantse sai na cire shi.

Metro, jirgin ƙarƙashin ƙasa, ya kai ni tasha, na shiga jirgin ƙasan nan mai gudu. Ban gama cin dabinona da mita ba muka isa Lyon.

Bron

Rabi ta tarye ni, muka hau taram, jirgin cikin gari.

"Inna, ki gani da idonki tukuna."

"Boyi kika haifa musu?"

A bakin ƙofar makarantar muka tuɓe takalma. Malamar, Madam Yuko, ta rusuna mini kamar suruka. Ga yara nan jere da tsumma, suna turawa da gudu suna shewa, Abdu ne a gaba.

Rabi ta yi mana tafinta. Madam ta ce a zamanin kakarta, lokacin dashen shinkafa akan tara yaran ƙauye wuri guda don uwaye su je gona, manyan su kula da ƙananan. Daga baya aka gina makarantu, aka horar da malamai, amma ba a yar da wannan ba. Jikina ya ɗan yi sanyi, don ni ma haka na goya ƙanena a Damagaram.

Sai rigima ta tashi. Abdu ya fizge bokiti daga hannun wani yaro, yaron ya fashe da kuka. Na zabura zan raba su, Madam ta dafa hannuna.

"Dakata, Hajiya. Muna kallo ai."

Wallahi kamar in kurma ihu. Wata yarinya da ta ɗan girme su ta tsuguna tana yi musu magana. Can sai ga Abdu, wanda a gida ko cokali ba ya bari a taɓa masa, ya share wa yaron hawaye da hannun rigarsa, suka ɗauki bokitin tare. Daɗi ya kama ni har na yi ƙwalla.

Da zan tafi, na tarar da takalmana a jere, an juya su suna kallon ƙofa.

"Kaka, ni na gyara miki."

"Inna, a haɗo kayansa?" Rabi ta tambaya tana danne dariya.

"Rufe mini baki, ja'ira."

Gida

Da magariba na sauka lafiya, alhamdu lillahi. Allah ya saka wa Madam Yuko da alheri. Na buɗe ɗaki, na ga takalmana barbaje a bakin ƙofa yadda na saba barinsu. Na duƙa na jera su.