Jadub, Kalmar da Baba Bai Faɗa Ba

Babanmu tela ne a unguwar Paris-Congo, kuma mayen shataranji, wasan nan na sarki da doki a kan allo mai gida-gida. Wani tsohon malamin lakwal, wato makarantar boko, ne ya koya masa, har da dokar da ta zame mana masifa: ɗan wasan da ka taɓa, dole ka tafi da shi. In gyara masa zama kawai za ka yi, sai ka fara cewa "jadub". Malamin ya ce tsohon Faransanci ne na ɗaura wa barde kayan yaƙi, daga baya ya koma "gyarawa nake". Baba ya kwaso kalmar ya shigo mana da ita gida. In zai yi maganar da ba ta kai zuci ba, sai ya ce jadub tukuna.

Ranar da Yaya, babban wanmu, ya sayar da keken ɗinkin kakanmu ya sayi babur ɗin haya, Baba ya ce kada ya sake taka masa gida. Muka kasa kunne. Bai ce jadub ba.

Shekara huɗu Yaya yana unguwar Diguel. Da ciwo ya kwantar da Baba, har ruwa ba ya zama a cikinsa, sai ga Yaya a ƙofar gida. Kwana uku yana zuwa ya tsaya a rana. Baba kuwa kullum sai ya tambaye ni ko Yaya ya ci abinci.

Na ce, "Baba, don girman Allah ka ce ya shigo."

Ya ce, "Na riga na taɓa."

Liman ya zo ya ce in rantsuwa ce a yi kaffara, kalas, magana ta ƙare. Baba ya ce ai ba rantsuwa ba ce. Wallahi ji na yi kamar in kwashi allon nan in cusa a murhu. Mutum yana mutuwa, yana ta dokar katako! Na fita na roƙi Yaya ya shigo kawai, wa zai hana shi? Ya girgiza kai. Taurin kan iri ɗaya ne, ni ce a tsakiya ina kuka.

Inna ce ta ce to a fitar da Baba wajensa. Gadonsa na ƙarfe ya ƙi wucewa ta zaure, muka sauke Baba kan tabarma, ni da ita da ƙannena biyu muka ja. Numfashinsa yana sarƙewa, ina cewa, "Baba, saura kaɗan." A bakin zaure muka ajiye shi. Yaya ya durƙusa a waje ya miƙo hannu. Baba ya riƙe, bakinsa yana motsi. Na kai kunnena, ban ji komai ba.

Yaya ya tambaye ni, "Me ya ce?"

Da na yi masa ƙarya na ce jadub Baba ya ce, da shi ke nan. Na ce ban ji ba. Har yau, tun bayan rasuwar Baba, in Yaya ya zo gaida Inna, a waje nake shimfiɗa masa tabarma.